Yadda Za Ki Shirya Wa Yaro Da Ƙanwarsa Ɗaki Ɗaya

Yawancinmu ba mu da ɗakunan da za mu ba kowane yaro nasa. Ciki da falo ne, ko ɗaki biyu da falo in Allah ya buɗa. Ga yara sun fara tasawa, an yaye ƙaramar, gadon uwa ya yi wa kowa kaɗan, sai maigida ya ce a haɗa su ɗaki ɗaya, Yaya da ƙanwarsa. Jere sana'ata ce. Da ɗakunan amare na fara a nan Kano, daga baya iyayen da na yi wa jere suka riƙa kirana in gyara ɗakin 'ya'yansu, kuma na yi wa nawa sau biyu, domin sau biyu muka tashi daga gidan haya.

Duk wadda ta kira ni, tambayarta ta farko ita ce wace kala za a shafa. Ni kuwa kala ce ƙarshen abin da nake tunani. Abin da ke sa ɗakin nan ya zauna lafiya shi ne rabo da sutura: kowane yaro ya san nan nasa ne, can na ɗan'uwansa, kuma yarinya ta sami inda za ta sauya kaya ba idon kowa a kanta. Addini ma ya riga mu faɗa. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, an umarci iyaye su sa yara salla suna da shekara 7, su raba musu shimfiɗa idan sun kai 10. Tun ran gini tun ran zane, don haka duk abin da zan nuna miki an tsara shi ne da sanin cewa ranar rabuwa tana zuwa. Ina magana a kan yara masu shekara 3 zuwa 9.

Kayan da za ki tanada

Na awo da zane: tef ɗin awo na kafinta, takarda, fensir, alli, da zaren buhu mai tsawo. In babu tef na kafinta, na tela ma zai yi, sai dai ki yi haƙurin maimaitawa.

Na bango: fentin ruwa, rola da farantinta, burushi babba da ƙarami, samfefa, wuƙar kankare bango, ɗan siminti ko hodar cike tsaga, salatif na takarda, tsummoki, tsofaffin jaridu ko buhuna na shimfiɗawa a ƙasa, da tsani ko benci mai ƙwari.

Na kafawa: guduma, ƙusoshin siminti, sukuru da robar da ake cusawa a ramin bango wadda masu aiki ke kira fisha, bututun ƙarfe na labule da maƙalansa. Injin huda bango ba sai kin saya ba, kafinta ko mai gyaran wuta zai zo da nasa.

Na shimfiɗa: katifa biyu masu faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 6, ledar katifa biyu, zanin gado, bargo biyu, gidan sauro biyu, ledar ɗaki, da yadin labule.

In a Kano kike, yadi da atamfa Kantin Kwari, katako 'Yan Katako na Na'ibawa, ƙarfe da kayan gini Kofar Ruwa, kwandunan roba Kofar Wambai, tabarma da faifai da kayan hannu kuwa Kasuwar Kurmi. Amma kada ki sayi ko ƙusa ɗaya kafin ki gama mataki na farko.

1. Ki auna ɗakin, ki zana shi

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan ban yarda da ido ba. Na taɓa sa kafinta ya haɗa gadaje biyu bisa ƙiyasi, da aka kawo su ƙofa ta ƙi buɗuwa sai rabi, dole aka mayar da ɗaya aka rage. Ki auna tsawo da faɗi da tsayin rufi. Ki auna ƙofa, ki lura ta ina take buɗewa. Ki rubuta inda taga take, inda soket da makunni suke, da inda fanka ke rataye.

Yawancin ɗakunanmu ƙafa 12 ne sau 12, ko 10 sau 12. A mai 12 sau 12, in kika jingina gado ɗaya da bangon dama, ɗaya da na hagu, tsakiya zai rage wajen ƙafa 5 da rabi bayan kin cire kaurin katako. Wannan shi ne tsarin da na fi so, domin labule zai ratsa tsakiya cikin sauƙi. In ɗakin 10 sau 10 ne, ki yi tsarin kwana: gado ɗaya a bango guda, ɗayan a bangon da ya haɗu da shi, ki sa akwati ko ƙaramar durowa a kusurwar don kawunansu kada su haɗu. Ko wane tsari kika ɗauka, ki bar hanyar wucewa da ba ta gaza ƙafa 2 da rabi ba, ki kuma bar wurin da darduma ɗaya za ta shimfiɗu ta kalli gabas. Da yawa daga cikinmu ba ma son yaro ya miƙe ƙafa wajen alƙibla, to yanzu ne lokacin duba wannan, ba bayan an kafa gado ba.

Daga nan ki ɗauki alli ki zana gadajen a ƙasan ɗakin da girmansu na gaskiya, ki zagaya, ki buɗe ƙofa ki rufe. Abin da takarda ta ɓoye, allin nan zai tona.

2. Ki yi rabon a gabansu

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ki kira su biyun, ki nuna musu zanen allin. In duka suna son gefen taga, ki yi ƙuri'a da tsinke, dogo da gajere, a gaban babansu in da hali, don maganar ta mutu a nan. Ni dai in zaɓi ya rage gare ni, yarinya nake ba ɓangaren da ya fi nisa da ƙofa, domin duk mai leƙowa ɓangaren ƙofa yake fara gani. Sai dai in ita ce ƙarama sosai mai tashin dare, to ta zauna kusa da ƙofa har ta ƙara wayo.

Ki ba kowa zaɓin kala, amma cikin guda uku da ke kika riga kika ware. In kika ce wa ɗan shekara 6 ya zaɓi duk abin da yake so, ja wur zai ce, ko kalar rigar ƙungiyar ƙwallon da yake goya wa baya, bayan wata shida kuma ya sauya sheƙa. Batun wai shuɗi na maza, ruwan hoda na mata, ba dole ba ne. 'Yata kore ta zaɓa, wanta ya ɗauki ruwan goro, ɗakin kuma ya yi kyau.

Abin da yara ke ƙirgawa ba tsada ba ce, yawa ne. In kika kafa wa Yaya maratayi huɗu, ita ma huɗu. In kwandonta biyu, nasa biyu. Za su ƙirga, wallahi za su ƙirga.

3. A kwashe kaya, a kori ƙwari, a gyara bango

Ki fitar da komai. Ki haska kusurwoyi da tocila ki nemi hanyar gara, ki duba tsagogin tsohon gado ko akwai kuɗin cizo. Alamarsa ɗige-ɗigen baƙi a jikin katako da ɗinkin katifa. In akwai, a fitar da gadon rana, a kwarara wa tsagoginsa tafasasshen ruwa, a wanke zannuwa da ruwan zafi, a shanya katifa yini guda ana juyawa, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Katifar da ya cinye ta ki haƙura da ita. Kada ki zuba fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗakin da yara za su kwana. Guba ce, tana kama katifa, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya.

Ki kankare duk fentin da ya ɓamɓaro, ki cike tsaga da ramukan tsofaffin ƙusoshi, in ya bushe ki goge da samfefa, ki bi da ɗanyen tsumma. In ƙasan bango yana tashi fari-fari kamar gishiri, danshi ne ke hawowa, ko ruwa na kwanciya a bayan ɗakin, ko famfon banɗaki na yoyo. Sai an toshe wannan tukuna, in ba haka ba damina ɗaya za ta cinye fentinki. Sabon filasta kuma ki ba shi kamar mako huɗu ya bushe.

In tsohon fentin bangon na mai ne, mai sheƙi, ki jiƙa samfefar kafin ki goga, kuma yara da mai juna biyu su yi nisa. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Gubar nan ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito. In gidan haya ne, ki nemi iznin mai gida kafin fenti da huda bango.

4. Fenti

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hunturu ya kankama. A damina fenti na jinkirin bushewa, a tsakiyar hunturu kuma ƙura na manne masa tun yana ɗanye. In dole sai a hunturun, ki fara da sassafe, ki rataya jiƙaƙƙen zani a taga.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 da tsayin ƙafa 10, bangonsa ya kai murabba'in mita 40 da 'yan kai bayan an cire ƙofa da taga. Fenti mai kyau, lita ɗaya na shafe wajen murabba'in mita 10. Shafi biyu ke nan lita 8 zuwa 10, wato galan mai lita 4 guda biyu da ƙyar, uku da sauran ajiya. Mai araha yakan ci fiye da haka, ya kuma riƙa bin rigar yara kamar alli. Araha ba ta ado.

Yadda nake yi shi ne in raba bangon biyu a kwance. Sama, daga ƙafa 4 zuwa rufi, kala ɗaya ce mai haske a duk ɗakin, ruwan madara ko fari mai ɗan duhu, don ɗakin ya yi faɗi a ido kuma ya yi haske ko an ɗauke wuta. Ƙasa, daga daɓe zuwa ƙafa 4, nan ne kowa zai sami kalarsa a ɓangarensa. Nan ne kuma hannun miya da biro ke sauka, don haka ki sayi fentin ruwa mai ɗan santsi wanda ake gogewa da tsumma, ki ce wa mai shago irin fentin da ake kira "satin" da Turanci kike so. Iyayenmu fentin mai suke shafawa a nan, yana da ƙarko ba shakka, amma warinsa na daɗewa, ga kuma batun dalmar da na faɗa.

Don layin ya miƙe, ki auna ƙafa 4 a kusurwa biyu, ki shafa wa zaren buhu garin alli ko bula, mutum biyu su ja shi ya yi tauri a jikin bango, ki ɗaga tsakiyarsa ki saki. Zai bar miki layi sak. Ki fara da rufi, sannan saman bango, sannan ƙasa. Burushi ya fara bin kusurwoyi da gefen soket, rola ta cike sauran. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, kada hankalinki ya tashi ki laɓta masa mai kauri; ki jira awa huɗu ko fiye ki yi na biyu. Kada ki manna salatif a kan fentin da aka shafa yau, ki bari ya kwana. In kin gama shafa kalar ƙasa, ki cire salatif tun fentin bai gama bushewa ba, in ya bushe tare zai ɓallo. Masu fenti na son tsinka shi da ruwa don ya yi auki, ki tsaya a kansu, kada a wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin.

In kuɗi bai kai ba, ki shafa kala ɗaya a ko'ina, ki bar bambancin ga zanin gado da labule. In mai gida ya hana fenti, wanke bangon da ruwan sabulu kawai ma na sauya ɗaki. Bayan fentin ruwa a bar taga a buɗe kwana biyu ko uku kafin yara su shiga. In an taɓa na mai a ƙofa ko taga, mako guda.

5. Ƙasa

Leda. Kafet na shan ƙurar hunturu da fitsari, kuma yana tayar wa mai asma da ciwo. Ki share daɓen tas kafin a shimfiɗa, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta, ki sa a manne bakin ƙofa da gam don kada ta naɗe ta kayar da yaro. In tayil ne a ɗakin, ki bar shi haka, ki sa wa kowa ƙaramar tabarma a gaban gadonsa.

6. Gado

Shimfiɗa biyu, bargo biyu, ko da kuwa yaran ƙanana ne. In babu kuɗin gado, katifa biyu a ƙasa ba abin kunya ba ne, ga ɗan shekara 3 ma ta fi aminci tunda ba inda zai faɗo. Sai dai ki sa tabarma a ƙarƙashi, ki riƙa jingine katifar da bango da safe ta sha iska. In akwai katifa babba guda ɗaya, masu sayar da katifa na iya raba miki ita biyu, tela ya ɗinka wa kowace riga.

In za a yi gado, ki ce wa kafinta ya bar ƙafa ɗaya tsakanin gado da ƙasa, don kwando ko akwati ya shiga, tsintsiya ma ta shiga. Ya kashe kaifin kusurwoyi. Ki duba katakon ya bushe, ɗanye yana lanƙwashewa ya buɗe baki bayan wata biyu. Gadon ƙarfe na mai walda ya fi ƙarko, kuɗin cizo ma bai cika samun maɓoya a jikinsa ba, amma ki shafa hannu a duk inda aka yi walda, in ya karce ki a sake gogewa.

Gado mai hawa biyu kuwa, ina yin sa ne kawai in ɗaki ya matse ƙwarai. Yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya kwana a sama. A yi wa saman shinge ta kowane gefe har da na bango, shingen ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, tazarar sandunansa kada ta wuce inci 3 da rabi don kan yaro kada ya shige. Tsanin a kafe yake, ba na jinginawa ba. Babban haɗarin da ake mantawa shi ne fankar sama. Ki hau da kanki ki zauna, ki miƙa hannu. In kin kusa taɓa fiffikenta, a cire ta a sa ta bango. Ki tuna kuma a watan Afrilu, a ɗakin da ke da rufin kwano, na sama ne ke shan zafi. In za a haɗa miki irin wannan gadon, ki ce a yi shi da noti yadda za a iya kwance shi ya koma gadaje biyu. Ranar da aka raba musu ɗaki za ki gode wa kanki.

Ledar katifa ta zama ƙarƙashin zanin gado a duka biyun, ko da ɗaya ne mai fitsarin kwance. In shi kaɗai aka sa wa, kin ba ɗan'uwan abin gori.

7. Labulen tsakiya

Wannan shi ne ƙashin bayan ɗakin. A kafa bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya daga bango zuwa bango, ya bi ta tsakanin gadajen, a tsayin ƙafa 6 da rabi. Kada ya kai rufi: iskar fanka da hasken taga dole su ratsa ɓangarorin biyu, labulen kuma ya yi ƙasa da fiffiken fanka sosai. Da fisha da sukuru za a kafa maƙalan, ƙusa ba ta riƙewa, domin ko kin hana sai sun gwada lilo da shi. Kada ki yi amfani da igiya ko waya siririya, tana saki, kuma duk igiyar da ke reto a ɗakin yara haɗari ce ga wuya.

Labulen ba sai ya cike tsawon ɗakin ba, ya rufe tsawon gado da ɗan ƙari, wajen ƙafa 7. Ga dabarar da nake yi: turmin atamfa yadi 6 ne. Tela ya yanka shi gida uku, yadi biyu-biyu, ya haɗa su gefe da gefe. Za ki sami labule mai tsayin kusan ƙafa 6 da faɗin ƙafa 11 da wani abu, wanda zai rufe ƙafa 7 da tattara mai kyau. Ki zaɓi zanen da ba ya da sama da ƙasa, tunda a tsaye za a rataye shi. In kina son kowa ya ga kalarsa, a haɗa yadi biyu baya da baya, kore ta gefenta, ruwan goro ta gefensa. Yadin ya zama na auduga mai wankuwa, ba mai nauyin labulen falo ba, ba kuma shara-shara ba. Ki ɗaga shi a rana a kasuwa, in kina ganin yatsunki ta ciki, bai yi ba.

In an hana ki huda bango, mai walda zai yi miki firam mai ƙafafu masu faɗi da za a ɗaure a jikin gado, ko ki tsayar da kanta mai tsayin ƙafa 4 a tsakani. Dogon wadirob a tsakiyar ɗaki ba tare da an kafe shi ba, a'a.

8. Wurin ajiya

Yaro ba ya rataye kaya a inda hannunsa bai kai ba. Ki kafa katako mai maratayi huɗu a kowane ɓangare, a tsayin ƙafa 3 zuwa 3 da rabi: kayan boko, kayan Islamiyya, jaka, sai hijabi ko hula. Maratayin ya zama mai dunƙulallen kai, ba tsirarar ƙusa ba, tunda daidai idonsu yake. Kayan sawa a kwando ko akwati ƙarƙashin gado. Ƙananan kayan ciki kowa da nasa rufaffen wuri tun yanzu, kada a haɗa. Ita ki ƙara mata ƙaramar roba mai murfi ta ribom da matsefi da man kitso, da madubi da aka kafe a bango, ba na jinginawa ba. Shi kuma kwandon ƙwallo da motoci.

Abu ɗaya nake barin su yi tarayya a kai, kantar littattafai, a bangon da ke tsakanin kawunan gadajen ko kusa da ƙofa. Alƙur'ani da allo a hawan sama, sauran littattafai a ƙasa. Duk wadirob ko durowar da ta fi yaro tsayi a ɗaure bayanta da bango, domin yara na jawo durowa su taka kamar tsani. Kafur ɗin da muke jefawa cikin kaya kuma ki cire shi daga ɗakin nan, ƙaramin yaro alewa yake ɗaukarsa.

9. Gidan sauro, haske da wuta

Kowane gado da gidan sauronsa. Sabo mai magani a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a fara kwana ciki, in ba haka ba fuska za ta yi musu raɗaɗi. Mai kusurwa huɗu na bukatar maƙali huɗu. Biyu a bango, biyu kuma ki ɗaure su a bututun labule, igiyoyin gajeru kuma sama da inda hannu ke kaiwa. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa kowane dare. Taga a sa mata raga.

Kowa ki ba shi ƙaramar fitila mai caji ko ta sola a gefensa, don mai tsoron duhu kada ya hana ɗan'uwansa barci. Kyandir, fitilar kananzir da maganin sauro na kunnawa ba su da wuri a ɗakin da ke da labule da gidan sauro. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana kisa ba tare da an ji ko wari ba, haka hayaƙin janareta in an ajiye shi bayan taga. Turaren wuta ki yi shi da rana, ki fitar da kaskon. Soket ɗin da ke ƙasa a toshe shi da murfin roba, ko mai gyaran wuta ya mayar da shi sama. Ki cire sakata da mukullin ciki, don kada wani ya kulle kansa.

10. Ado

Sai yanzu. Kuma kaɗan ya isa. Gidaje da yawa ba sa son hoton mai rai a bango, ba kuma a rasa abin sawa ba. Ki zana dagin Arewa ko tauraro ko ganye a kwali, ki yanke cikinsa, ki ɗora a bango ki dangwala ragowar fenti da soso, a jere bisa layin da ya raba kalolin nan biyu. Soson ya zama kusan busasshe, in ya jiƙe fenti zai zurara ta ƙarƙashin kwalin. Faifai masu kala uku ko biyar a sama da gado sun fi duk wata takardar bango ta kanti kyau a idona, kuma ba sa ɓamɓarewa da zafi. Sunan kowa a saman gadonsa, da boko da ajami. Taswirar Najeriya ko ta Afirka, da jadawalin haruffa da na lissafi, a wurin tarayya. A jikin ƙofa ki ja musu ma'aunin tsayi, shi dama ita hagu, a riƙa sa alama duk ƙaramar Salla.

In akwai mai son zane a bango, kuma kusan kullum akwai, ki sa kafinta ya yanko falle ɗaya na filawud, a shafa masa baƙin fentin allo, a kafe shi ƙasa-ƙasa. Nan aka yarda a yi zane, ban da ko'ina.

11. Daren farko da abin da ke biyo baya

Ki shigar da su da rana, kowa ya jera kayansa da hannunsa ko da bai yi miki daidai ba. Dokoki uku nake kafawa, ban taɓa wuce uku ba don ba za su riƙe ba: a ja labule kafin a sauya kaya, in labule a jaye yake sai an yi sallama an amsa, ba a hawa gadon wani ko ɗaukar kayansa sai da izni. Makon farko ki bar ƙofa a buɗe, ki riƙa leƙawa. Ƙaramar za ta iya lallaɓowa gadon Yaya ko naki cikin dare, ki mayar da ita nata ba faɗa, ki tofa mata addu'a, dare uku ko huɗu za ta saba.

Bayan wata guda ki zagaya da sukurudireba ki ƙara ɗaure maƙalan labule da notin gado, domin sukan saki. Ki duba gidan sauro ko ya huje, ki ɗinke. Labulen a wanke shi duk wata, a hunturu duk mako biyu.

Idan babban ya doshi shekara 9, ko kika ga ɗayansu ya fara jin nauyin ɗan'uwansa tun kafin nan, ki fara shirin fitar da ɗaya. A gidajenmu na gargajiya yaro shago ko zaure yake komawa wurin yayyensa, yarinya ta koma ɗakin kaka. A gidan haya, falo ne mafita: katifarsa mai ƙafa 3 tana shiga bayan doguwar kujera da rana, a shimfiɗa ta da dare, kwandonsa da katakon maratayinsa su bi shi. Bututun labulen a kwance shi a mayar bakin taga, ɓangarensa na bango kuma ragowar galan na ukun nan zai shafe shi in kin rufe murfin da kyau kin ajiye a inuwa.